Kifin da Bai Fito wa Iya Ba

Wanda bai taɓa zama a Riyad ba ba ya yarda idan na ce masa ana sanyi. Ana yi, mai shiga ƙashi ma kuwa. A shekarar da nake aji shida muna zaune a Gubaira, a saman wani shagon masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Babana injiniyan ruwa ne, mahaifiyata kuma nas ce a wani asibiti can Shumaisi. A wannan sanyin ne aka kawo mahaifiyar Baba daga ƙauyenmu na bakin kogin Haɗeja, da bizar ziyara ta wata uku, don a cire mata yanar ido.

Iya muke ce mata. 'Yar masunta ce, matar masunci, hannayenta duk tabon ƙayar kifi. Ta iso da ƙullin bandar tarwaɗa a ƙasan jakarta, kuma yadda ta wuce da shi a filin jirgi har yau Allah kaɗai ya sani. Kwana biyu da zuwanta labulen falonmu ya ɗauki ƙamshin. Ita ƙamshi take cewa. Ni a lokacin wari nake cewa, amma a ciki.

Tun ranar farko ta ɗaura mini aure da kanta, irin wasan kaka da jika. "Maigida, ina cefane?" "Maigida, haka ake barin amarya ba ko sannu?" Ni da ƙanwata Ummi a Riyad aka haife mu. Muna jin Hausa, amma idan aka yi mana magana da Larabci muke amsawa, don shi ne ya fi mana sauƙi a baki. Iya ba ta taɓa yi mana faɗa a kan haka ba. Tana da tata dabarar.

Bayan sallar magariba sai ta shimfiɗa tabarmarta a gaban daffaya, wannan murhun lantarkin mai jan ƙarfe uku. Ta miƙa masa tafin ƙafa, ta taɓe baki. "Wutar Larabawa ke nan. Ba hayaƙi, ba toka, ko gyaɗa ba ta gasa wa mutum." Duk da haka a nan take zama, ni a damanta, Ummi a hagu. Sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, yau ma a jiƙe ta zo." Ba za ta ƙara ko kalma ɗaya ba sai mun ce ta zo mu ji ta, da Hausa. Idan labari ya kai wurin daɗi kuma sai ta yi shiru, ta kama gyaran ɗankwali. Na tambaye ta da Larabci, ta dubi silin. Sai na lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya na ce, "Iya, sai me ya faru?" Sannan ta ci gaba.

Tatsuniyar da ta fi daɗewa tana ja mana ita ce ta yasasshen tafki. Wai a wani gari akwai tafki biyu. Na gaban gari fes yake, kowa can yake su. Na bayan gari kuwa an manta da shi tun zamanin kakanni, kainuwa da bado sun rufe shi ruf, kacalla ta kewaye bakinsa, har baƙo zai ɗauka fadama ce ya taka. Wata shekara kifi ya ƙare a tafkin gaba. Majiya ƙarfi suka ɗauki taru suka nufi na baya. Suka jefa, suka ja, tarun ya kama saiwa ya kece gida biyu. Washegari suka dawo da lauje, suka yini suna sara suna ihu, ruwa ya dame ya koma kunu, kifi ya nutse cikin taɓo. Suka tofa yawu suka ce ko kwaɗo babu a ciki. Kafin wata ya zagayo kainuwa ta mayar da bargonta.

Sai wata tsohuwa mai suna Tabawa ta ce a bar mata shi. Aka yi mata dariya.

A nan muryar Iya take canzawa. Ta daina tatsuniya ta koma koyarwa, don abin da Tabawa ta yi shi ne abin da ita kanta ta yi shekara da shekaru. Kwana uku Tabawa ba ta jefa komai ba. Da sassafe take zagaya tafkin ba takalmi, tana tafiya yadda inuwarta ba za ta faɗa kan ruwa ba. "Kifin da ke ƙarƙashin ciyawa ba ya ganinka," in ji Iya, "amma duk takun da ka yi a kunnensa." Abin da take nema biyu ne: inda kumfa ke tasowa, da inda kainuwa ke motsi alhali babu iska. Ta samu irin wurin kusa da wani icce da ya faɗa ruwa. Ta sa hannu ta ɗebe ciyawar a hankali, ta buɗe 'yar taga wadda ba ta fi faifai ba. Ta barbaɗa dusa, ta tafi gida. Ta bar kifi ya saba da hasken.

Ranar da za ta yi fatsa ba ta ɗauki doguwar sanda mai lanƙwasa ba. Gora mai kauri ta ɗauka, da gajeren zare mai ƙarfi. Ta kamo ɗan kwaɗo mai rai, ta soka ƙugiya yadda tsininta zai ɓuya a jikinsa, don kada ta kama ciyawa. Ta sauke shi cikin tagar kamar mai ajiye ƙwai. Sannan ta zauna.

"In ya kama, Maigida, me za ka yi?"

"In ja!"

"Ka ja ka koma gida da kwaɗonka. Bari za ka yi ya haɗiya. Ka ce bisimilla a ranka sau uku. Sannan ka ɗaga sama, sak, ta tagar da ka buɗe. In ka ja shi gefe, saiwa ta riƙe shi, zare ya tsinke. Kai ba ka samu ba, shi kuma ya tafi da ƙugiya a baki ya mutu a banza."

Haka Tabawa ta riƙa fito da tarwaɗa masu kaurin cinya, ɗaya yau, biyu gobe, ba ta cika wa taga ɗaya ciki. Ta ciyar da gari har ruwa ya dawo. Amma akwai wani babban kifi a tsakiyar tafkin, wanda idan ya juya duk kainuwar sai ta girgiza. Shi take so. Iya ta ce ƙarshen labarinsa sai an cire mata bandejin ido.

Kafin a cire ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu.

Wata Alhamis, lokacin hutun mako Alhamis da Juma'a ne, abokina Fahad ya zo mu yi wasan ƙwallo a talabijin. Ɗan ajinmu ne, gidansu can arewacin gari, da direba da masu aiki biyu. Na daɗe ina roƙon Allah ya zo gidanmu, ina kuma roƙon kada ya zo. Baba da Mama duk suna wurin aiki, duk da ranar hutu ce. Muka shiga falo, ga Iya zaune a ƙasa da ɗaurin zani, ido ɗaya a rufe, ta baza bandar kifi a tire tana cire ƙaya. Fahad ya ɗan yamutsa hanci. Ya tambaye ni da Larabci, "Wannan fa?"

Iya ta ɗago tana murmushi, tana jira maigidanta ya gabatar da ita.

Na ce, "Shaggala ce." Wato mai aikin gida.

Ba wanda ya matsa mini. Yaron tambaya kawai ya yi. Bakina ne ya faɗa, kuma da sauƙi ya faɗa, wannan sauƙin ne har yau yake ba ni kunya. Fahad ya zauna a kujera, ya kaɗa mata yatsu biyu kamar yadda yake yi a gidansu, ya ce, "Moya."

Iya ta san kalmar ruwa, ta kuma san ɗayar, shaggala, don kullum tare suke shanya a saman bene da mai aikin maƙwabtanmu. Ta dube ni da idon nan guda. Sai ta rufe tiren kifin, ta dafa bango ta miƙe. Na ji ƙarar famfo, tana wanke hannu da sabulu. Ta dawo da kofi biyu a kan faranti, tana lalube da ƙafa don kada ta yi tuntuɓe da waya. Ta ba Fahad nasa. Ta juyo gare ni, ta rusuna, tsohuwar da ta haifi ubana, ta ce a hankali, "Ga shi, Yallaɓai."

Ta koma ɗaki ta ja ƙofa, ba ta fito ba sai da baƙona ya tafi. Ta rufa mini asiri tsaf. Na sha ruwan nan, kuma na ci Fahad wasa uku a jere.

Na jira ta faɗa wa Baba. Wallahi na so ta faɗa, da na sha bulala na huta. Ba ta faɗa ba. Da magariba ta shimfiɗa tabarma kamar kullum, ni kuwa na shige ɗaki na ce ina da aikin makaranta. Kashegari ma haka. Na zama ɗalibin da ya fi kowa ƙwazo a Gubaira. Ina zaune a bayan ƙofa da littafi a buɗe, ina jin ta ƙara wa muryarta ƙarfi fiye da yadda ƙaramin falo ke buƙata. Wata rana Ummi ta so ta koma damanta, inda ya fi ɗumi. Na ji Iya ta ce, "A'a, matsa. Wurin nan da mai shi."

Sati uku wurin yana nan a buɗe. Ba ta kira ni ba, ba ta aiko Ummi ba, ba ta yi mini habaici ba. Da safe in na gaishe ta, kaina a ƙasa, ta amsa da fara'a. Maigida ne dai ban sake ji ba. Abin da ake so in faɗa bai fi kalma uku ba, ki yafe mini, kuma na iya su da Hausa. Sau da yawa na kama hannun ƙofar. Sai in tuna yadda ta rusuna, in sake shi in koma kan littafi.

Ta bayan ƙofar na ji ƙarshen tatsuniyar. Tabawa ta buɗe wa babban kifin taga, ta zaɓo masa kwaɗo mafi ƙiba, ta zauna. Damina ta wuce, rani ya wuce, bai kama ba. Mutane suka ce ta sa a zo da mashi a tono shi. Ta ce kifin da aka tono da mashi gawa ne. Har ta tsufa ta kasa zuwa bakin ruwa bai fito ba.

Ummi ta fusata. "Iya, to ai babu shi ke nan!"

"Akwai shi mana. Ta ga kumfarsa. Ƙurunƙus kan tarwaɗa, mai jin barci ya tashi ya ba ni wuri."

Ranar tafiyarta muka raka ta Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Idonta ya warke, tana ta karanta wa Baba fuskokin mutane. Baba ya tafi auna kaya, Mama ta kai Ummi bayi, aka bar ni da ita a kan benci. Ga dama ta samu, ba kowa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Iya, Allah ya kiyaye hanya."

Ta ce amin. Ta kamo hannuna ta juya shi cikin nata mai kaushi. "Na buɗe taga, na zauna sati uku, kifin nan nawa bai fito ba." Ta yi 'yar dariya. "Ba komai, Maigida. Yana ciki. Na ga inuwar ƙafarsa a ƙarƙashin ƙofa."

Na sunkuyar da kai. Ko a lokacin ban faɗa ba.

Na ce sai mun je hutu zan faɗa mata, ido da ido. Hutun bai yiwu ba a shekarar, kuma a waya ba na wuce gaisuwa, don Baba yana tsaye a kaina. Damina ta biyu bayan komawarta ta rasu.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana cewa ne kada a raina abu don muninsa, kuma na ɗauka Iya ce yasasshen tafkin. Sai da na girma na gane ni ne. Da ta ja ni gefe, ta kai ƙarata ko ta kunyata ni a gaban baƙo, da na ba da haƙurin dole na tafi da ƙugiya a baki, wataƙila da Hausar ma na tsane ta. Ba ta ja ba. Ga shi yau da harshenta nake rubutu, kalma bayan kalma, kamar yadda ta riƙa fito da su daga bakina a gaban daffaya.

Ina shekarar farko a jami'a na haɗu da Fahad a wani shagon shayi. Bayan mun gaisa na ce masa akwai maganar da na daɗe ina so in gyara. Tsohuwar nan da ta kawo mana ruwa a gidanmu ba mai aiki ba ce. Kakata ce, mahaifiyar babana.

Ya yi ta tunani, tsakani da Allah. Sannan ya ce, "Wace tsohuwa?" Bai tuna da ita ba. Bai ma tuna ya taɓa zuwa gidanmu ba.

Na tsaya riƙe da kofin shayi har ya huce. Kifin Iya ya fito dai a ƙarshe, sai dai babu kowa a bakin ruwan.