Jinin Ɗan Ci-rani

Na faɗa mata har bakina ya gaji: ɗan ci-rani ba ya ƙara kwana a Legas da zarar ya ji ruwa ya sauka a garinsu. In za ki ɗebi jininsa, ki tabbata ya ji sakamako kafin damina. Ta ce ta ji. Ɗalibata ce, ina duba bincikenta kan ciwon hanta a tsakanin 'yan dakon kasuwar Mile 12. Haifaffiyar Agege, ga ƙwaƙwalwa, sai dai ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Damina a wurinta lokaci ne da motocin haya na danfo ke watsa wa mutum taɓo.

Ta yi wa kowane ɗan dako bayani da Hausa, ta kuma yi masa alkawarin da na koya mata: sakamakonka kai kaɗai za ka ji. Sannan ta ajiye jinin a firji tana jira ya taru, wai ta kai ɗakin gwaji gaba ɗaya. Sai da aka fara shuka a Arewa ta shigo ofishina da takardar sakamakon wani ɗan dako a hannunta.

"Malam, akwai wahala o. Wannan mutumin hantarsa ta taɓu sosai, dole ya fara magani."

Muka nufi kasuwa. Lambar wayar da ya bayar ashe ta maigidansa ce, wani dattijo dillalin tumatir.

"Ai ya bi motar kwanduna tun makon jiya," in ji dattijon. "Ƙauyensu babu sabis. Likita, faɗa mini, ni ne ubansa a nan. Direba zai kai saƙo."

Ta buɗe baki, na harare ta. Na san hanyar da maganar za ta bi: daga dillali zuwa direba, daga direba zuwa mai shayin tasha, kafin ta isa kunnen mai ciwon an ware masa kwano don gudun cutar. Wasiƙa ma wani ne zai karanta masa. Na ce a gaya masa likita na nemansa da gaggawa, ya kira mu ko ya je asibiti mafi kusa a duba jininsa.

"Wato ba ku yarda da ni ba," in ji dattijon, ya juya ga kwandunansa.

A cikin danfo ta ce, "Malam, sirri muka kare ko mutum?"

Na yi mata tas a gaban fasinjoji, na ce da ta ji magana da ba mu zo nan ba. Abin da ban faɗa ba shi ne, ni na sa hannu a jadawalin aikinta ban duba watanni ba. Haushin kaina na huce a kanta, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Amsa ta dawo ta bakin direba: ya gode, lafiyarsa ƙalau, yana noman gero, sai bayan kaka. Muka sake aikawa, aka sake kawo mana godiya. Wane manomi ne zai bar gona da damina don an ce ana nemansa, ba a ce ga dalili ba?

Bayan kaka 'yan ci-rani suka fara dawowa, tana zuwa kasuwa kowane mako tana duba fuskoki. Ranar da na raka ta, dattijon ya shimfiɗa mana buhu muka zauna. Ya ce Allah ya yi wa mutumin rasuwa ana cikin girbi, cikinsa ya kumbura. Muka yi addu'a muka shafa.

Sai ya dube ni ya ce, "To, Likita, yanzu za ka iya faɗa mini?"

Ɗalibata ta zuba mini ido tana jiran ta ga abin da malaminta zai yi. Takardar tana aljihuna. Ban faɗa masa ba.