Saniya Ɗaya a Gurbin Baba

Shekarar da damina ta yi mana rowa, sojoji kuma suka karɓe mulki, ina zaune ni kaɗai a wani ɗaki a Harobanda, unguwar ƙetaren kogi a babban birni. Maƙwabtana Zabarmawa ne, mutanen kirki, amma tsakanina da su gaisuwar "fofo" ce kawai, sai kowa ya ja ƙofarsa. Da safe in ƙetare gada in tafi biro, wato ofis, da marece in sayo dambu da kwaɗon ganyen da suke kira kopto in ci ina kallon bango. Kaɗaici ya ci ni a garin nan, ba ƙarya.

Aikina a kan ordinata yake, wato kwamfuta. Inda nake aiki ana ƙidayar dabbobin da suka rage wa makiyaya. Akwai wani tsohon tablo, wato jadawali, a rumbun bayanai da aka tsara tun lokacin ƙoshi: gurbin suna, gurbin gari, gurbin yawan shanu, kowanne da ƙa'idarsa. Ni kuwa raggo ne wajen maimaita aiki, sai na rubuta ɗan furogaram da ke karanta tsarin tablon, ya fitar da dokokin tantancewa da kansa. Ka sa harafi a gurbin lamba, ya tofo maka abinka. Na ji daɗin kaina ƙwarai, sai dai ba wanda zan nuna wa.

Hankalina kuwa yana gida, can wajen Dakoro. In na kira Baba a salula na ce, "Baba, ya dabbobi?" sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya aiki?" Shi ke nan fa! Tsohon nan ko rumbunsa na cin wuta ba zai gaya wa ɗansa ba. Ni ko so nake in san ko jar saniyar da marigayiya Inna ta bari tana raye. Ita kaɗai ta rage mana daga abin hannunta.

Ranar da bayanan yankinmu suka iso, na nemo sunan Baba. Shanu: ɗaya. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Garke ya tafi, amma na san wadda zai hana bakinsa ya ciyar. Da na koma ɗaki har kilishi na raba wa maƙwabta, suna ta mamaki.

Washegari na sake dubawa don in ƙara jin daɗi. Maƙwabcin Baba, ɗaya. Mai gari, ɗaya. Kai, kusan garin duka ɗaya-ɗaya. Na sauka wurin matar da ke shugabantar masu shigar da bayanai.

"Madam, me ya sa kowa ɗaya?"

"Au, kai ne mai furogaram ɗin? Abinka ba ya karɓar zero. Mutum ya ce ba shi da komai, inji ya ƙi wucewa. Aiki ya tsaya kenan? Sai mu sa ɗaya."

Na buɗe tablon. Ga ƙa'idar nan: dole yawan shanu ya wuce zero. Wanda ya tsara shi bai taɓa tunanin makiyayi marar saniya ba, furogaram ɗina kuma ya kwafo dokar yadda ya same ta. Gyaran bai ɗauki lokaci ba.

Na fita bayan biro na kira gida.

"Baba, jar Inna fa?"



"Ta yi ƙoƙari," ya ce. "Ita ce ta ƙarshe da ta kwanta."

Na koma kujerata, na goge ɗayan da hannuna, na sa zero. Wannan karon injin ya karɓa.