Bakin Kifin da Na Ƙona

Shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi, mijina ya dawo garinmu Lafiya daga aikin jirgin ruwa a Ikko da abin alfahari guda: wani ƙashi mai tsini, tsawon kamu ɗaya, mai kaushi kamar magagari. Ya ce bakin kifin teku ne, kuma danginsu iri-iri ne. Akwai mai tuta a gadon baya, akwai mai baki kamar takobi, nasa kuwa na masu mashi ne, ƙananan cikinsu. Ni mai sayar da bandar kifi ban taɓa ganin irinsa ba, amma na yarda.

Yayana maharbi ne, bakinsa ba linzami. Shekara biyu yana yaɗawa a kasuwa cewa ƙahon dabba ne. Wata rana da hantsi ya maimaita a tsakar gidanmu: "Ƙaho ka sayo, kana yi mana ƙarya."

Mijina, da ƙashin a hannunsa, ya shaƙe shi. Yaya ya kai masa karo ya fasa masa hanci, suka zube suna birgima, jini da ƙasa. Ban ga shigar mashin kifin cinyar Yaya ba, ƙarar karyewarsa na ji.

Wanzami ya zo ya zaro tsinin, ya ce, "Kifi ne ko dabba? Dafin ƙayar kifi da ruwan zafi nake gasa shi, raunin ƙaho kuwa ɗaurewa nake yi. In na kuskure, ƙafar nan ruɓewa za ta yi."

Yaya yana nishi ya ce, "Ƙaho ne." Taurin kan tsiya.

Raina ya ɓaci. Na fizgi ragowar na cusa cikin wutar bandata, don ƙaho in ya ƙone ƙaurin gashi yake yi. Mijina ya kai hannu zai ceto abinsa, na maka masa muciya a yatsu. Hayaƙi ya tashi, ba ƙaurin gashi ko kaɗan, sai ƙarnin kifi. Wanzami ya ce a ɗora ruwa.

Ƙafa ta tsira, ko da yake da ɗingishi. Amma mu huɗu ne kawai muka shaƙi hayaƙin nan, Yaya kuma ya rantse mura yake yi ranar. Har mijina ya rasu ana ce masa mai ƙaho, ba shi da abin nunawa. Bai taɓa ce mini na cuce shi ba. Da ma ya faɗa, da na fi samun sauƙi.