Tandun Nomau

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin mutanen Gangara su riga ni. Duk wanda ya san marigayi Nomau, taubashina, ɗan yayar babana, ya san shi da tandu: wani ɗan tandun fata baƙi ƙirin, cike da soyayyen man shanu, rataye ƙarƙashin hammata kamar laya. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa suna da ɗaurin aure. A masallaci kaɗai yake sauke shi, nan ma gabansa yake aje shi, ba wajen takalma ba. In an kawo abinci mutane su yi bisimilla, shi kuwa hanci yake fara kaiwa. In ya ji man jarka, wannan man kanti mai launin shayi, sai ya tura kwano gefe a hankali, ya ce, "Kakana bai san shi ba." Shi ke nan, an yanke shari'a.

Kakan nan nasa, wanda ni ma kakana ne, maharbi ne. Nomau ya ɗora wa kansa cin abin da ya ce tsohon ya ci: nama, ƙwan zabi, fara, zogale, aduwa da goruba. Manomi ne, rumbunsa ba ya rama, amma tuwo sai ranar da ya ga dama, wai hatsi rabon tsuntsaye ne. Na tuna mishi cewa ni da idona na ga kakan nan yana kwankwaɗar fura har ta yi mishi gashin baki. Ya ce ai a lokacin tsufa ya riga ya lalata shi.

Mai a wurin Nomau sarauta ce, kowa da mazauninsa. Kitsen rago shi ke iya wuta mai ƙarfi, da shi ake soya nama. Man shanu na ƙwai ne, wuta kaɗan kaɗan, in ya yi hayaƙi an zalunce shi. Man riɗi ba ya ganin wuta ko kaɗan, ɗanye ake zuba shi bisa dafaffen zogale. Man gyaɗa kuwa na baƙi ne. Ya ce Nasara ya matsa mana noman gyaɗa don haraji, shi kuwa ba zai ci haraji ba. Matarsa Hajo, Allah ya saka mata, ita ke soya man shanun da albasa, ta tace, ta cika tandu. Shi kuma ya tsaya bakin madafa yana ba da oda kamar jandarma, ita ko juyowa ba ta yi.

Ni fa na yi lakol har aji uku kafin malaminmu ya gaji da ni, saboda haka ina jin ni ne wakilin zamani a danginmu. Tunda taubashi ba ya laifi wurin taubashi, na yi wa kaina alkawari sai na ciyar da Nomau man jarka ko sau guda kafin ɗayanmu ya mutu. Ranar sunan jikata na sa aka soya mishi nama da man jarka, aka binne shi da yaji da tafarnuwa, na rantse mishi da girman kakanmu cewa kitsen ragon suna ne. Ya shinshina, ya ɗago kai.

"Idi, wannan ragon naka, ta ina ake buɗe shi? Ina marfin?"

Zaure ya fashe da dariya. Ni da gidana, ni da ragona, na koma cin nama a ɓoye bayan rumbu.

Sai shekarun da soja suka saki mulki, jam'iyyu suka cika gari, kowace bishiya da tutarta. Wani ɗan takara daga Agiye ya ji labarin gidan Nomau da yawan jama'a, ya aiko mishi da jarkar mai guda cur. Na ce yau za a yi ta, domin Nomau ba ya mai da kyauta. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har da addu'a. To, yana da wata amalanke wadda kukan ƙafarta ke riga ta isa kasuwa. Mata da ita suke sanin rana ta yi. Ranar kasuwa sai ga amalanke ta shigo shiru kamar amarya. Da mutanen ɗan takara suka tambaye shi ya mai, ya ce mai ne na ƙwarai, bai taɓa ganin irinsa ba, su gaya wa maigidansu amalanke ta gode, in ana ba ta ƙuri'a tasa ce.

Bazarar da ta biyo baya ciwo ya kwantar da shi. Fulani sun yi kudu da shanu, man shanu ya ɓace a gari, tandu ya bushe, abin da ban taɓa gani ba. Cikinsa ya daina ɗaukar kitse da nama, ƙwai kaɗai yake iya haɗiya, ƙwai kuwa a dokarsa sai da man shanu. Hajo ta dafa mishi cikin ruwa, ya ce shi ba mai jego ba ne. Likita ya ce in bai ci ba, magani ba zai kama komai ba. Mutumin da ke ɗaga buhun hatsi shi kaɗai ya koma kamar kara, yana kwance yana kallon rufin ɗaki, ga tandu babu kome rataye a bango.

Na ɗauki tandun na fita da ƙafa. Na bi mazaunin rugage, babu kowa sai busasshen kashin shanu. Na isa har Gazawa, na zagaye kasuwa, da ƙyar wata tsohuwa ta kankaro mini ɗan abin da bai wuce cikin cokali ba. Na zauna gindin itacen bedi ina kallon ɗan man. Daga nan na sayi man jarka, na roƙi mai ƙosai ta ara mini wuta, na soya shi da albasa, na narka ɗan man shanun a ciki, na ɗura a tandu. Wannan karon ba don dariya ba.

Hajo ta karɓa, ta soya ƙwai, wuta kaɗan kaɗan. Muka tada shi zaune. Ya kai hanci. Ya dube ni tun daga kai har ƙasa, ya daɗe yana dubana, sannan ya yi bisimilla. Ya cinye tas, ya lashe yatsa.

"Taubashi, saniyar nan ta ci ciyawa mai kyau."

Haka ya dinga ci har ya sami ƙarfin fitowa ƙofar gida. Ya ga ruwan farko, ya ga ƴaƴansa sun fita shuka, har ya yi musu faɗa wai sun matse ramuka. Hatsi yana kai gwiwa Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in na shiga gaida Hajo, na tarar da ita tana goge tandun da tsumma. Na ce bari in ba ta dariya. Na gyara zama na kwashe labarin Gazawa na faɗa mata, na ce ta shaida, ni Idi ɗan lakol na kayar da hancin da ya gagari ƙasar nan duka. Ba ta daina gogewa ba.

"Kai dai Idi, gemu ya yi fari, hankali yana hanya. Tun kana zaure ya ji warin jarka. Cewa ya yi, 'Hajo, kada ki tona shi, dubi yadda ƙafafunsa suka farfashe.'"

Na sunkuya na dubi ƙafafuna.

Allah ya jiƙan Nomau, ya haskaka makwancinsa, ya yafe mishi kamar yadda ya rufa mini asiri. Ya ciyar da shi a Aljanna abin da kakanmu ya sani da wanda bai sani ba. Amin.