Shekarar da Aka Yanke Mana Geron Juma'a

A lokacin ni mahaƙin rijiya ne a Sakkwato, ina yi wa En'e, wato hukumar sarki, aiki, Nasara bai daɗe da zama a ƙasar ba. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. Wata rijiya a hanyar Dundaye ta rufta da ni. An ciro ni da rai, amma ƙafar hagu ba ta sake taka ƙasa ba. Daga nan aka sa ni cikin waɗanda Baitulmali ke ba gero duk Juma'a, tare da makafi da kutare. Ba ya ƙosarwa, amma yana riƙe rai.

Shekarar da fara ta cinye gonaki haraji bai taru ba, aka ce Nasara ya ce a rage kashe kuɗi. Da mu aka fara. Na ja jiki har bakin rumbu, mai awo ya ce babu, kuma kada in wahalar da kaina in dawo. Na koma ɗaki na saki asabari. Ba ni da mata, bara kuwa ba zan yi ba. Na yi ta dafa ganye ina sha har zama ya gagare ni, duk wanda ya yi sallama in ce lafiya lau.

Wani tsohon majemi maƙwabcina bai yarda ba. Ya ɗaga asabarin ya shigo, warin jima na bin sa, ya kira ni gurgu mai taurin kai, ya ce in kwantar da hankalina, ba sadaka ya kawo ba. Ciyayya suke yi a ƙofar gidansa bayan magariba, kowane magidanci ya fito da akushinsa a ci tare, kuma akwai gurbi. Na ce ba ni da akushin fitarwa. Ya ce igiyar gugan unguwa kullum tsinkewa take, mata sun ishe su da mita, in tufka musu, ita ce akushina. Ya jefo mini damin rama. Ran nan shi da wani maƙwabci suka ɗauke ni zuwa tabarma, suna yi mini tsiya wai yunwa ta rage musu wahalar ɗauka. Na ci har na ji kunya. Ba wanda ya kalli lomata.

Geron bai dawo ba har yau. Tsohon ya rasu, Allah Ya ji ƙansa, igiyata ce ta ɗebo ruwan wankansa. Mai jin wannan, abin da hukuma ta ba ka tana iya janyewa ba tare da ta tambaye ka ba. In ya same ka, kada ka ce lafiya lau alhali kana mutuwa. In kuma maƙwabcinka ya yi shiru, shiga ka duba, ka ba shi abin yi ya ci da mutuncinsa.