Ranar da Dada Ta Leƙa Zara

Gidanmu a Garwa gidan fawa ne. Kowace yamma Baffa Isa yakan dawo daga kwata da kawunan shanu da ƙafafu, kakata kuma, wadda muke kira Dada, ta hura wuta a tsakar gida ta zauna babbaka. Ƙaurin gashin yakan bi tufafinmu har lakwal, wato makarantar boko, yara su yi ta toshe hanci. Ba mu damu ba, don a bakin wutar nan muke samun tatsuniya. Da an idar da magariba sai mu kewaye ta, ni da 'ya'yan Baffa, tana kankare ƙafar saniya da wuƙa tana ba mu labari.

Ni yaro ne mai fargaba, har yau kuma ban warke ba. Idan ta ce kura ta shigo gari, sai na tashi na duba ko an sa sakata. Idan ta ce yarinya ta faɗa rijiya, ba na bari a ci gaba sai an gaya mini ko da ruwa a ciki.

"Mai gida, zauna," takan ce. "Wane irin miji Allah ya haɗa ni da shi, mai gudun kurar tatsuniya?"

Mahaifina shi ne ɗanta na fari. Ina ƙarami ya tafi sayen shanu wajen Tuboro, bai dawo ba. Ba gawa, ba labari. Mahaifiyata ta yi jira iya jira, ta koma gidansu a garin Gidar, aka bar ni hannun Dada. Saboda kunyar ɗan fari, Dada ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma tambayar fatake labarinsa a gaban mutane. In ya zama dole, sai ta ce "wancan". Duk lokacin da Baffa ya kawo maganar a yi masa sadaka kamar yadda ake yi wa mamaci, amsarta ɗaya ce: "Wa ya mutu?"

Akwai tatsuniya guda da ba mu muke roƙo ba, ita take kawowa da kanta. Takan fara ta ne idan Zara ta fito, wato babbar tauraruwar nan ta yamma.

Ta ce Zara mace ce mai ɗa guda, Gamzaki, tauraron asuba. Wata rana ya kora shanunsa ya bi hanyar gabas, ya ce ta ajiye masa tuwo. Tun daga ranar take fitowa bakin ƙofa da fitila bayan faɗuwar rana. Takan yi wata da watanni tana fitowa, har man fitilar ya ƙare, ta shiga ɗaki. To a daidai lokacin ne shi kuma yake isowa da asuba, ya tarar da ƙofa a rufe, ya tsaya, kunya ta hana shi bugawa, gari ya waye ya juya. Shi ya sa ba a ganinsu lokaci guda. In tana nan ba ya nan, in yana nan ba ta nan.

"Dada, in ba su haɗu ba fa?" Kullum sai na tambaya.

"Kai da bakinka. Wanda ake gani da asuba ai yana raye. Saɓani ne kawai."

Duk sauran tatsuniyoyinta takan rufe su da ƙurunƙus. Wannan kam ba ta rufewa. Sai dai ta ce, "A bar ta nan, ba ta ƙare ba," ta tura itace cikin wuta.

Shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, inda karatuna ya tsaya, wani malamin lakwal ya kama haya a gidan maƙwabtanmu. Kirista ne, mutumin kan dutse, mai Hausar kasuwa. Muna ce masa Mushe Tomas, yadda ake kiran malamai da Faransanci. Dada ta yi dariya har da tari da ta ji sunan.

"Mushe? A ce masa ya yi haƙuri, mu mahauta ba ma taɓa mushe."

Mushe Tomas yana da madubin hangen nesa da ya haɗa da hannunsa. Bututu ne na kwano, tsawonsa ya kusa kai ni, da babban gilashi a baki ɗaya, da ƙarami a inda ake sa ido. Ya yi masa ƙafafu uku na katako, da ƙusa mai juyawa da ake ɗaga shi ko a sauke. Yakan goge gilashin da wani farin ƙyalle da ba ya bari kowa ya taɓa. Da yamma sai ya kafa shi a fili bayan gida, unguwa ta taru. Ya nuna mana ramukan da ke jikin wata. Ya nuna mana wani tauraro mai 'ya'ya ƙanana jere a gefensa, da wani mai zobe kamar an kifa ƙwarya a kan faifai. Ya ce waɗannan ba taurari ba ne, duniyoyi ne irin tamu da ke kewaya rana.

Ni kuwa na shiga uku. Abin ya yi kama da bindiga, a zamanin kuma ko maganar bindiga ba a yi da ƙarfi, na tabbata jandarmomi za su kwashe mu. Na je na tambayi malaminmu na allo ko leƙen sama haramun ne. Ya ce kallon halittar Allah ba laifi, amma duk da haka sai na yi alwala kafin na sa ido. Na ji tsoron makanta, na ji tsoron bututun ya faɗi a hannuna. Na yi fargabar komai, ban da abin da ya zo ya faru.

Wata yamma Dada ta ajiye wuƙarta, ta yafa gyale, ta ce a kai ta wurin Mushe. Ya tarbe ta da ladabi, ya sauke bututun daidai tsayinta.

"Mama, wanne kike so?"

"Zara."

Ta daɗe tana leƙawa, hannunta ɗaya a kafaɗata. Da ta ɗago sai ta ce, "Ashe ta rame haka. Kamar jinjirin wata."

"Haka take yi in ta kusa tafiya, Mama."

Dada ta gyara gyalenta. Ta yi ƙasa da murya, irin muryar da ban taɓa jin ta yi wa baƙo ba.

"Ɗan nan, tunda abin naka yana gani da nisa, juya shi gabas. Duba mini inda Gamzaki yake yanzu."

Mushe Tomas bai san tatsuniyar ba, bai san mahaifina ba. Ya yi murmushi irin na malamin da aka yi wa tambaya mai daɗi.

"Ai shi ne kika gani yanzu, Mama. Abu ɗaya ne. Kwana kaɗan za ta ɓace a yamma, sai ta fito gabas da asuba, ku ce Gamzaki. Suna biyu, duniya ɗaya."

Na ji yatsunta sun matse kafaɗata. Ba ta yi masa gardama ba. Mace ce da ta shekara da shekaru tana tashin asuba, wataƙila ta daɗe tana zargi.

"To," ta ce. "Ashe ita kaɗai ce take ta zagaye. Ta duba yamma, ta duba gabas."

Ta yi masa godiya, har washegari ta aika masa da farfesun ƙafa. Da muka koma bakin wuta a daren da ta yi leƙen, ta ba mu tatsuniyar daga farko. Da ta kai inda takan tsaya, sai ta ce, "Ƙurunƙus. A kashe wutar nan."

Bayan 'yan makonni na fito alwalar asuba, na same ta tsaye a tsakar gida tana fuskantar gabas, tauraron nan ya fito fes. Ba ta san ina bayanta ba. Na ji ta ce, "Allah ya ji ƙan Garba." Ranar na fara jin sunan mahaifina a bakinta, ban kuma sake ji ba. A wannan Juma'ar aka yi sadakar.

Na daɗe ina jin haushin bututun nan. Daga baya na gane Mushe Tomas bai ƙwace mata komai ba sai jira, jiran kuwa ya riga ya cinye ta. Yara muna tsammanin labarin uwa da ɗa take ba mu. Ashe ƙofa ce ta samu ta yin maganar ɗanta a gaban mutane ba tare da ta kama sunansa ba, mu kuma muna ta hamma muna jiran ta zo kan kura.

Yanzu ni ma na tsufa, har yanzu ina tashi duba sakata. In na fito da asuba na ga Gamzaki, na san Zara ce, an nuna mini da idona. Duk da haka nakan je na zare sakatar, na bar ƙofa a buɗe har gari ya waye, ko da akwai wanda kunya ta hana shi bugawa.