Allon Kabarin Matarsa

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana rubuta sunayen matattu. Rumfarsa tana jikin katangar maƙabartar coci, kayan aikinsa kuwa ba su wuce siminti da cokalin gini da wata doguwar ƙusa ba, shi ya sa ake ce masa Mai Ƙusa. Aikin ba ya jiran mai dogon tunani. In ya zuba siminti a akwatin katako ya shafe fuskarsa sumul, rabin awa gare shi ya rubuta suna da shekaru da 'yar magana a ƙasa. Da ya wuce haka, ƙusa ba ta ƙara shiga. Masu makoki su kawo takarda, ya kwafa, su ɗauki allonsu. Ya sha rubuta "ya huta" a kan mutanen da tun suna duniya hutun ne sana'arsu, bai taɓa cewa uffan ba.

Matarsa wanki da guga take yi, ran Lahadi ta yi waƙa a zumuntar mata. Shekarar da mugun zazzaɓi ya shigo unguwa, mutane suka riƙa rufe majinyatansu a ɗaki, suna tura musu kwanon abinci da sanda. Ita kuwa ta ɗauki bokiti da sabulu tana bi gida-gida, tana wanke waɗanda 'ya'yan cikinsu suka guje su. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, har bokitin ya ɓoye. Ta ari na maƙwabta.

"Baban yara," ta ce, "raina ba shi ne babban abin da nake da shi ba. Ƙaunar Ubangiji ta fi shi."

Ya ce to shi da yaran fa, a wane layi suke? Ta yi dariya ta fita.

A mako na huɗu ita ma ta kwanta. Duk gidajen nan da ta wanke majinyatansu, ba wanda ya leƙo, sai gaisuwa daga bakin titi. Kafin ta cika ta sa ya yi mata alkawari zai rubuta maganar nan tata a allon kabarinta. Ya amsa, don ba a musu da mai jan numfashi. Ranar jana'iza Fasto ya yi wa'azi mai daɗi a kanta, waɗanda suka fi kowa gudu su suka fi kowa kuka.

Ya zuba allon farko, ya rubuta sunanta da shekarunta, arba'in da shida. Da ya zo kan maganar sai hannu ya ƙi. Yana tsaye da ƙusa har siminti ya kama, ya sa guduma ya farfasa. Na biyu ma haka. Ba Allah yake ƙaryatawa ba, haushi yake ji. Haushinta, da ta auna su da wani abu ta ga ba su kai ba, da haushin Wanda ta zaɓa, tunda Shi ba a kai ƙararsa ko'ina.

Wata uku kabarin ba allo. Babbar 'yarsa ta same shi a rumfa ta ce kabarin Mama ne kaɗai babu suna a layin, kuma ita ta ji alkawarin da kunnenta. Ranar ya zuba na uku, ya cije haƙora ya rubuta. Abin takaici, tunda yake bai taɓa yin rubutu mai kyansa ba.

Ba a yi mako biyu ba sai ga wani mai shagon taya. Tsohuwarsa ta rasu. Tana cikin waɗanda marigayiya ta wanke har suka tashi, yanzu tsufa ne ya ɗauke ta. Bai kawo takarda ba. Ya ce a yi masa irin na matar Mai Ƙusa sak, maganar ta taɓa masa zuciya.

Mai Ƙusa ya tambaye shi ina yake lokacin da ake wanke uwarsa.

Mutumin ya sosa ƙeya. "Ka san yadda abin yake, Baba. Ina da yara ƙanana."

"Mu ma muna da su," in ji Mai Ƙusa. "Huɗu."

Ya jawo buhun siminti, ya ce masa ya dawo jibi.